Ku Tambaya Mu Amsa: Jirgin Farautar Dare Na Jamus, Baƙi Ne Ko Ruwan Toka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin lakwal ne a nan Tawa, kuma tun ina yaro nake ƙera motar kara da jirgin langalanga. Kwanan baya ƙanena da ke karatu a Beljik ya aiko mini da kwalin jirgin roba na haɗawa, wato Messerschmitt Bf 110 G-4 na Jamus na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, a ma'aunin 1/72, wato an rage girmansa sau 72. Takardar da ke ciki ta ce jirgin farautar dare ne, amma kuma ta nuna a shafa masa fenti mai haske, alhali ni hankalina ya fi kwanciya da baƙi. Akwai kuma eriyar hanci iri biyu, ɗaya ƙanana masu yawa, ɗaya dogaye ƴan kaɗan, da wasu bututu biyu da suka kalli sama daga bayan matuƙi. Wanne zan saka, kuma mene ne aikinsu? *Daga wani mai karatu, Tawa.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka buɗe gwangwanin fenti, sai ka fara yanke shawarar shekarar da jirginka yake ciki, domin launinsa da eriyarsa da bindigoginsa duk sun riƙa sauyawa ne bisa yadda kokawa ta kasance tsakanin Jamus da Ingila a sararin sama. Wanda ya haɗa fentin 1941 da eriyar 1944 ya ƙera jirgin da bai taɓa tashi ba.

Tun daga 1940 aka ɗora wa wani hafsa mai suna Josef Kammhuber alhakin tsare Jamus daga hare-haren dare. Abin da ya yi shi ne ya yanka sararin sama gida-gida, kamar yadda ake yanka fangali a gadina, ya jera gidajen tun daga Danmak, ta Holan da Beljik, har cikin Faransa. Kowane gida yana da na'urar radar mai hangen nesa da ake kira Freya, da wasu biyu masu suna Würzburg, ɗaya tana bin jirgin abokan gaba, ɗaya tana bin na gida, shi kuma jami'in da ke ƙasa yana yi wa matuƙinsa jagora ta rediyo har ya kai shi bayan abin farautarsa. Tsarin yana da kyau, amma yana da rauni babba, domin gida ɗaya jirgi ɗaya yake iya bi a lokaci guda. Da Ingilishi suka gane haka, sai suka daina zuwa a warwatse, suka koma kwararowa ta hanya guda kamar garken shanu a burtali. A daren 30 ga Mayu 1942 suka tura jirage fiye da 1,000 kan birnin Kolon, gidajen da suka ratsa suka rasa na kamawa, sauran gidajen kuma suka kwana babu aiki.

Eriyar nan mai ƙananan sanduna, wadda Jamusawa suka yi wa laƙabi da katifa, ta na'urar radar ta cikin jirgi ce, wato Lichtenstein ta farko, wadda ta shiga aiki a 1942 don matuƙi ya iya lalubo jirgi da kansa a cikin duhu. Sanduna 32 ne a kan ginshiƙai huɗu. Ranar da ta mutu sananniya ce. A daren 24 ga Yuli 1943, lokacin harin Hambag, jiragen Ingila suka riƙa watso damman takardun alminiyam, irin na cikin kwalin sigari, kowane zare tsawonsa kimanin santimita 27, wanda aka auna daidai da rabin zangon igiyar radar ɗin Jamus, wato tsawon igiyar rediyon da na'urar ke aikawa. Na'urorin ƙasa da na sama duk suka makance, allonsu ya cika da jiragen ƙarya. A cikin ƴan kwanakin da suka biyo baya mutane kusan 40,000 suka hallaka a birnin, akasarinsu a wutar da ta tashi a dare guda.

Daga nan ne aka shiga neman mafita ido rufe. An fara da sakin ƙananan jirage masu mutum ɗaya a saman birane, su yi farauta da ido a hasken manyan fitilu da na gobara, dabarar da Hajo Herrmann ya kawo. Amma maganin gaske shi ne sabuwar na'ura mai suna SN-2, wadda ta fara yaɗuwa a ƙarshen 1943. Ita zangon igiyarta ya haura mita uku, saboda haka gajerun zaren alminiyam ba su dame ta ba, kuma wannan tsawon zango shi ne ya tilasta a yi mata dogayen sanduna takwas, waɗanda aka kira ƙahon barewa. Su ne eriyarka ta biyu. Tun da kwalinka yana ɗauke da bututun da suka kalli sama, shawarata ita ce ka zaɓi ƙahon barewa, ka ajiye jirginka a farkon 1944.

Bututun nan kuwa igogi ne masu bakin milimita 20, kuma a ganina su ne suka fi komai ban tsoro a jikin jirgin. Jirgin Lancaster na Ingila yana da maharba a gaba da sama da wutsiya, amma galibinsu ba su da mai duba ƙasa. Sai matuƙin Jamus ya lallaɓo ta ƙarƙashi, ya daidaita gudunsa da na babban jirgin, ya ɗaga kai ya auna ta madubin da aka kafe a rufin ɗakinsa, sannan ya harba tsakanin injuna biyu na fiffike, inda tankunan mai suke. Ba ya auna cikin jirgin, domin idan bama-baman suka tashi har da shi za su tafi. Da wannan dabara da SN-2 aka yi wa Ingila ɓarnar daren 30 ga Maris 1944 a harin birnin Nurambag, inda cikin jirage 795 fiye da 90 ba su koma gida ba. Saboda haka kada ka tsayar da bututun cak kamar turken awaki. Ka karkatar da su gaba, kusan digiri 70 daga shimfiɗar jirgin, bakinsu ya ɗan leƙo ta gilashin baya.

Maganar fenti kuwa, takardar ta fi ka gaskiya. Da farko baƙi wuluk ake shafawa, har aka lura cewa sararin dare ba baƙi ba ne. Duk wanda ya taɓa neman dabba a daren farin wata ya san cewa baƙar akuya ake fara hangowa a kan rairayi. Haka baƙin jirgi yake fitowa fili idan ya gitta saman gajimare mai haske ko hasken gobara. Daga 1942 aka koma ruwan toka, kuma jiragen 1944 akasari ruwan toka ne mai haske da ya ɗan ja shuɗi, wanda lambarsa RLM 76, da ɗigo-ɗigon toka mai duhu, RLM 75, a sama. Kada ka manta da dogayen bututun da ke rufe salansa don ɓoye harshen wuta. Launin tsatsa da hayaƙi ya dace da su. Idan sandunan eriyar roba sun yi maka kauri, wanda kusan kullum haka suke a wannan ma'auni, ka fere wayar lantarki ka ciro siririn zaren tagulla, ka miƙar da shi ta hanyar murza shi tsakanin gilashi da katako. Faɗin fukafukan zai kai santimita 22 da ɗoriya, sai ka tanadi wurin ajiya tun yanzu.

Tambaya: Ina haɗa jirgin yaƙin Jamus Focke-Wulf 190 a ma'aunin 1/48, kuma ina son in yi masa koren ɗamara a kusa da wutsiya kamar yadda na gani a hoto. Sannan ƙura tana ɓata mini fenti. *Daga wata ɗaliba, Yamai.*

Amsa: Ƴar'uwa, ɗamarar alama ce ta rundunonin da suka tare jiragen Amurka da rana, kuma kowace runduna da launinta, don a bambanta na gida da baƙo a cikin turmutsutsun ɗaruruwan jirage. Kore na runduna ta 27 ne, ita kuwa Messerschmitt 109 take tuƙawa, saboda haka hoton da kika gani da wuya ya zama na irin jirginki. Ki zaɓi ja na runduna ta 1 ko rawaya na ta 11, domin dukansu sun yi aiki da Focke-Wulf. Faɗin ɗamarar santimita 90 ne, wato kimanin milimita 19 a ma'auninki.

Game da ƙura, musamman a lokacin hunturu, ki yi fenti da sassafe kafin iska ta tashi, ki yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, kuma da zarar kin ajiye burushi ki kifa wa jirginki roba mai tsabta ko kwali har ya bushe. Idan zafin Afrilu ya shigo, kada ki bar shi kusa da taga ko a cikin mota, domin siraran sassa kamar farfela da ƙafafun sauka suna iya lanƙwashewa.