Dalilin da Alama Take Daɗewa a Hanjin Ɓera

Ɗana, ka tambaye ni yadda aka yi alamar da muka sa wa ɓeraye take nan a hanjinsu bayan mako guda, alhali an koya maka cewa ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin hanji suna sabuntuwa cikin kwana 3 zuwa 5. Hannunka bai yi kuskure ba, domin jiki ne ba ya zubar da abin da zai sake yi masa amfani.

Alamar tana shiga ne ta hanyar taimidin, ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwaya take haɗa DNA (kundin gadon halittarta) da su lokacin da za ta rabu biyu. Idan ƙwaya ta mutu, DNA ɗinta yana wargajewa, sai maƙwabtanta masu rabuwa su tsince taimidin ɗin su saka a nasu, kamar yadda magini yake ɗebo tubalin rusasshen ɗaki ya tayar da sabon bango. Wanda ya ƙirga alama kawai zai ɗauka tsofaffin ƙwayoyin ne suke raye, ya rubuta musu kwanakin da ba su yi ba. Wannan ya fi tsanani a hanji da ɓargo, inda mutuwa da rabuwa suke gudana kusa da juna.

Magabata a wannan sana'a, waɗanda suka fara aiki da taimidin mai tiritiyom (sinadari mai fitar da hasken nukiliya da ake iya aunawa) tun 1957, sun auna wannan sake amfani ta hanyar gwama alamomi biyu. Sukan haɗa shi da wani ɗan'uwansa mai ɗauke da ayodin-125 (shi ma mai fitar da hasken nukiliya), wanda jiki ba ya cika tsince shi bayan ƙwaya ta mutu, sannan su duba tazarar da ke tsakanin raguwar biyun. Dole ne a fara cire raguwar sinadarin da kansa daga lissafi, domin ayodin-125 yana rasa rabin ƙarfinsa cikin kimanin kwana 60, tiritiyom kuwa sai bayan shekara 12 da ɗoriya.

A ɗakin gwajinmu na Birnin Kebbi ba ma taɓa waɗannan sai da lasisin hukumar kula da nukiliya ta ƙasa, shi ya sa muke aiki da BrdU, wani ɗan'uwan taimidin marar hasken nukiliya, wanda shi ma jiki yana iya sake tsintarsa. Saboda haka ka bi allurar da taimidin marar alama domin ya rinjayi wanda aka tsinta, ka yanki nama a ranaku daban-daban, kuma ka rubuta inda ƙwayar mai alama take zaune a jikin hanjin tare da ƙarfin launinta. A ganina wanda ya kawo mini adadi ba tare da waɗannan biyu ba bai gama aikinsa ba.