Filin Tambaya da Amsa: Jiya, Yau da Gobe a Rubutun Ɗalibai

Tambaya: Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare da ke Agege, a Legas. Na sa ɗalibaina su yi rubutu kan abin da ke alamta jiya da yau da gobe, sai kusan dukkansu suka ce fitowar rana ita ce gobe, faɗuwarta kuma jiya. Yaya zan fitar da su daga wannan haddar? Daga wata malama, Agege.

Amsa: Malama, laifin ba na yaran ba ne, domin duk wanda aka nemi alama a wurinsa kafin a nuna masa inda ake samunta, abin da ya ji a bakin wasu zai maimaita. Ki fara da harshen kansa. Bahaushe yana kiran abin da ya wuce "baya", abin da zai zo kuma "gaba", wato yana ɗaukar lokaci tamkar hanyar da ake bi da ƙafa. Kalmar "gobe" ma ba ta tsaya kan wayewar gari ba, tana kaiwa har Lahira idan aka ce gobe ƙiyama. Ki ba su karin maganar nan, "wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba", su yi gardama a kanta kafin kowa ya ɗauki biro.

Daga nan ki tura su unguwa. A ganina kuskure ne a ɗora wa yaron da aka haifa a Legas rumbu ko garma, alhali bai taɓa ganinsu ba. Ga layin dogo a ƙofar gidansu: tsohon layin da ya isa Kano a 1911, wanda ya yi dakon goro zuwa Arewa, ya kawo kakannin wasunsu Kudu, yana nan kusa da sabon layin Ibadan da aka buɗe a 2021. Ɗalibin da ya tsaya a tashar Agege ya dubi ƙarfen da ya yi tsatsa, ya dubi jirgin da ke wucewa, sannan ya bi layin da ido har ya ɓace masa, ya sami zamani uku a abu guda.

Wajen gyara, duk jimlar da ta ce "wannan yana nufin gobe" ki ja layi a ƙarƙashinta, ki ce a sake ta da bayanin abin da ido ya gani, domin alamtarwa tana raunana da zarar marubuci ya fassara ta da bakinsa.