Takardar tambayoyi ko hira? Ga abin da na gani

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce binciken digirinki na biyu a Jami'ar Bayero (BUK) kan abin da ke jawo jinkirin ayyukan gini ne a Kano, kina tambaya takardar tambayoyi za ki raba ko hira za ki yi. Ni dai shawarata ki haɗa biyun, amma ki fara da hira.

Lokacin da na yi nawa Google Forms na tura wa injiniyoyi da 'yan kwangila ta WhatsApp, ko rabi ba su cike ba, waɗanda suka cike ɗin ma "na yarda sosai" suka yi ta dannawa daga sama har ƙasa, da na zuba amsoshin a SPSS, manhajar lissafin bayanan bincike, wallahi ba abin kirki da ya fito. Sai da na riƙa zuwa wurin aiki da ƙafata wajen Hotoro da Rijiyar Zaki ina zama da birkiloli da leburori lokacin cin abinci sannan na ji gaskiyar magana. Ɗan kwangila zai ce miki ruwan Agusta ne. Birkila kuwa zai ce sati biyu ba a sallame su ba, ko mai gida ya canja zane bayan an zuba dekin, ko rodin da aka yi ciniki a Ƙofar Ruwa ya tashi kafin a ɗauko. Daga irin wannan za ki tsara tambayoyinki.

Ki roƙi jadawalin aiki, ki gwada ranar da aka tsara gamawa da ranar da aka gama. Kuma don Allah ki ware ayyukan kafin Mayun 2023 da na bayan cire tallafin mai, kuɗin siminti da na mota ba ɗaya ba ne, in kika cakuɗa su lissafi zai rikice.

Batun yawan mutanen da za ki tambaya, kar ki ɗauki mutum 384 don kowa na rubutawa, teburin Krejcie da Morgan na 1970, wanda ake dubawa don sanin mutum nawa za a tambaya, ya nuna in duka mutanen da binciken ya shafa 100 ne, 80 sun isa. Ki fara gwada takardar a kan mutane kaɗan, ki tabbatar Cronbach alpha, ma'aunin da ke nuna ko tambayoyin sun dace da juna, ya kai 0.7. KoboToolbox, manhajar tattara amsoshi a waya, na aiki ko babu data.

Ki shaida musu ba za ki rubuta sunan kowa ba, ki tafi da wani yayanki, kuma kar ki je ranar Juma'a, da wuri ake tashi.