Tambayoyinku kan satifiket ɗin tsaro na shafin intanet

Daga Agege: An turo min fayil ɗin .crt, na buɗe na ga shirme kawai. Ya zan yi?

Ba shirme ba ne malam, kai ne ka buɗe da Notepad. Shiga taminal, wato inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka buga openssl x509 -in shafi.crt -text -noout (sa sunan fayil ɗinka a madadin shafi.crt), za ka ga sunan mai shi, wanda ya sa masa hannu da ranar da zai mutu. In ya yi gardama ƙara -inform der.

Daga Mile 12: Yaron da ya haɗa min shafin kasuwanci a Computer Village ya ce in tura masa fayil ɗin .key ta WhatsApp zai sa wa satifiket hannu. In tura?

Haba Alhaji! Wannan abu na ci min tuwo a ƙwarya wallahi. Kai da ko yaron shagonka ba ka bar wa makullin sito, shi ne za ka jefa makullin sirri, wato fayil ɗin .key ɗin nan, a WhatsApp ya kwana a wayarsa ya kwana a bakaf, gobe a sace wayar cikin danfo shikenan wani ya samu damar yin sojan gona da sunan shafinka. Sa hannu ba ya buƙatar makullinka sam. A kan sabar ake buga openssl req -new -key sirri.key -out shafi.csr, fayil ɗin shafi.csr da zai fito, wato CSR, takardar neman sa hannu, shi ake turawa, makullin fili ne a ciki da sunan shafi, kowa ya gani ba komai. Mai sa hannu da nasa makullin yake aiki.

In kuma nufinsa ya sa da kansa da openssl x509 -req da -signkey, to wannan na gwaji ne, Chrome zai tare kwastomominka da gargaɗi su gudu. Ni dai Let's Encrypt, hukumar da ke sa wa satifiket hannu, nake tura kowa, kyauta ne, manhajar certbot na sabunta satifiket ɗin da kanta. In ka riga ka tura makullin, a ƙirƙiri sabo yau, a soke tsohon satifiket ɗin.

Daga Idi-Araba: Duk shafin da na shiga wayata sai ta ce satifiket ya ƙare.

Hajiya duba kwanan watan wayarki, ƙila ba daidai yake ba. Mayar da shi otomatik.