Koma, Gurar Mali da Sunan Sarkawa

Wani mai karatu daga Yawuri ya tambaya: shin ana kiran ragar kamun kifi "koma" ne saboda masunci yana jefa ta ruwa ta komo masa?

A'a, malam. Rubutun boko ne ya haɗa su, don ba ya nuna karin sauti. Koma ta kamun kifi suna ce, jam'inta komaye, kuma ba ta da dangantaka da aikatau ɗin komawa gida. Ba ma jefa ta ake yi ba, riƙe ta ake yi a hannu, sau da yawa biyu, dama da hagu, a rufe kifi a tsakiya. Wadda ake wurgawa ta buɗe kamar laima ita ce birgi, taru kuwa sai jama'a sun taru sun ja shi. Babbar hujjata tana bakin Kabawa: su "homa" suke cewa, kuma da ita da gora ake faɗawa ruwan Matan Fada a bikin Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Da daga komawa aka ciro sunan, da harafin farko bai sauya haka ba. Ina roƙon ɗalibai su riƙa jin kalma a bakin masu ita kafin su yanke mata asali.

Mai karatun ya kuma nemi ma'anar karin maganar nan, "kifi na ganinka, mai jar koma". A karin maganar, jar koma ba ta ɓuya wa kifi. Ana faɗa wa wanda yake ƙulla wa wani tarko yana zaton ba a sani ba, alhali tun daga nesa an hango shi.

Wata 'yar'uwa ta ce me ya kawo Mali cikin "gurar Mali"? Gura tarkon kifi ce. Wannan samfurin, na sanduna da aka lulluɓe da raga, masunta 'yan ƙasar Mali ne suka zo da shi, sai sunan ƙasarsu ya bi shi. Yau a Kainji da Tafkin Cadi wasu "mali" kawai suke cewa.

Hanyar da wannan tarko ya biyo tsohuwa ce. Sunan Sarkawa, masuntan Kabi da Yawuri, ba daga "sarki" yake ba. Daga Sorko ne, masuntan Songhai na kogin Kwara, Hausa ta ƙara masa "-awa" irin ta Kanawa da Katsinawa. Wannan yana burge ni ƙwarai, don kogi ya kawo mutanen da sana'arsu, harshe kuma ya karɓe su har baƙuncin sunan ya ɓace.

"Masunci" kam tamu ce tsantsa: daga "su" aka sami "sunta", sannan "ma-" ta mai aikatawa ta hau gaba, kamar yadda ƙarya ta haifi maƙaryaci.