Ciwon ƙandarewar fata ya sa na ajiye magani ina roƙon mutuwa, mene ne hukuncina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara 4 ke nan likitoci suka ce ina da sikiloroderma. Fatar hannuna ta ɗame, yatsuna ba sa miƙewa, bakina ya tsuke har na daina duba madubi. Da hunturu in na taɓa ruwan alwala sai yatsun su yi fari fat, sannan su koma shuɗi. Ba na barci saboda fargabar kada ciwon ya taɓa huhuna. Likita ya rubuta min maganin damuwa, uwar mijina ta ce mai imani ba ya shan irin wannan. Na ajiye shi, daga baya na ajiye sauran ma, ina cewa Allah Ya ɗauke ni in huta. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Alwala mai sauƙi ce: ki ɗumama ruwa, in hakan bai hana ba ki yi taimama. Burin mutuwa kuwa an hana, hadisin Anas ya ba ki madadinsa: ki roƙi Allah Ya raya ki matuƙar rayuwa ce alheri gare ki.

Abin da ya tsayar da ni shi ne "na ajiye sauran ma". Da tsada ce ta sa, da maganar daban ce. Amma barin magani da niyyar ajali ya matso bai halatta ba. Ciwon nan yakan taɓa ƙoda farat ɗaya, jini ya hau mutum bai sani ba. Ba don in ƙara miki nauyi na faɗa ba, 'yar'uwa. Muryar da ke ce miki ki huta ta ciwon damuwa ce, kuma ana maganinta. Yau, ba gobe ba, ki faɗa wa wanda kika amince da shi, ku koma wurin likita, ki gaya masa ranar da kika daina da dalili. Kada ki koma shan magungunan da kanki ba tare da kin ga likita ba.

Maganar surukarki, Allah Ya ƙara mata lafiya, ba ita ta fara ta ba, har a bakin wasu masu wa'azi ana jin ta, kuma kuskure ce. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, aya ta 84 a Suratu Yusuf. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Hadisin da ya lissafa abubuwan da ke kankare zunubin Musulmi ya jera damuwa da baƙin ciki tare da ciwo da sukar ƙaya. Da laifi ne, ta yaya zai zama kaffara? Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ce talbina tana kwantar da zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Talbina kunu ne, a baki ake sha. Ke nan sunna ce ta nuna ƙuncin rai yana da maganin da ake haɗiya. Abin mamaki, masu wannan magana in haƙori ya dame su ba sa jiran tawakkali.

Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, kada ki yanke ƙauna a satin farko. Azkar da ruƙiyya ki riƙe su tare da shi, ba a madadinsa ba.

Ba ki ambaci mijinki ba, amma ki ba shi wannan amsar ya karanta. Shi zai yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi, ba ke ba. Ya shaida wa mutanen gida ciwon nan ba a ɗaukarsa, kada su ware miki kwano. Ya kuma tanadar miki safar hannu da fulas ɗin ruwan ɗumi kusa da sallayarki kafin asuba.

Wallahu a'alam.