Kishiyar "duka" ba guda ɗaya ba ce

Maman Yara, kin ce an ba ɗanki aikin gida ya kawo kishiyar kalmar duka, wato bugu, ya rubuta shafa, malami ya soke. Gaskiya yaron nan bai yi kuskure ba. Na shekara da shekaru ina koyar da Hausa a sakandare kuma duk zangon da na zo kan kishiyoyin kalmomi sai an yi wannan gardamar a aji, domin duka ba irin fari da baƙi ba ne da za ki ce ga abokin adawarsa guda ɗaya tak.

Ni abin da nake yi, sai in ce wa yara wane duka? Bahaushe ai bai bar shi dunƙule ba, kowane waje a jiki da sunan nasa. Mari a kunci da tafin hannu, ranƙwashi a ka da gaɓoɓin yatsu, dundu a gadon baya, naushi da dunƙulallen hannu, shuri da ƙafa. To ranƙwashi kishiyarsa shafa kai, irin yadda ake shafa kan maraya. Dundu kuwa shi ya fi burge ni wallahi, don hannu ɗaya ne, bayan ma ɗaya ne, amma ki duba uwa in jariri ya gama shan nono ta ɗora shi a kafaɗa tana ɗan bubbuga bayansa har ya yi gyatsa, kalmar bubbuga daga bugu ta fito amma aikin lallashi take yi. Wata ɗalibata ce ma ta fara nuna min wannan, ni ban taɓa lura ba sai ranar.

In kika shiga filin dambe kuma lissafin ya canza. Can ba mai maganar shafa, ana kai naushi ne ana tarewa ko a goce, shi ya sa hannun da aka naɗe ake ce masa mashi ɗayan kuma garkuwa.

Sai buga, wannan kam ta fi kowa yawo. Buga waya kishiyarta ɗagawa ko katsewa, ɗan wasa ya buga ƙwallo gola ya kama, mutum ya bugu da giya daga baya ya wartsake. Masu bugun shadda da ke wajen marinar Ƙofar Mata a Kano fa, su nasu bugun gyara ne, yana fito da ƙyallin yadi, in an matsa sai an kawo kishiya sai dai a ce yamutsa.

Don haka ki je ki sami malamin cikin mutunci ki tambaye shi wace amsa yake so. Ina kyautata zaton lallashi ko rarrashi ce a takardarsa, ita ma daidai ce, sai ki roƙe shi ya karɓi duka biyun ya mayar wa yaro makinsa.